Cin Ruwa: Asalinsa, Da Maganinsa Na Gida

Cikin cututtukan da ke damun mazaje da damina akwai wata wadda mutane ba su ɗauke ta a bakin kome ba, watau cin ruwa. Takan fara da ɗan ƙaiƙayi tsakanin ƙaramin yatsan ƙafa da na kusa da shi. Bayan kwana kaɗan sai fatar wurin ta yi fari fat, ta yi taushi kamar jiƙaƙƙiyar takarda, sa'an nan ta saɓule, ta tsage, ta riƙa wari. Mutum ya yi ta susa har ya ga jini. Waɗansu sukan ce ai da rani zai warke da kansa. Gaskiya ne yakan lafa da rani, amma da ruwa ya sauka sai ya komo, kuma akwai mutanen da wannan 'yar tsaga ta zama musu mafarin rasa ƙafa ɗungum. Saboda haka ya kamata ko wane magidanci ya san abin da ke kawo shi, da abin da zai yi a gida, da ranar da tilas ne ya bar na gida ya nufi asibiti.

Abin Da Ke Kawo Shi

Sunan nan cin ruwa yakan sa mutum ya zaci ruwa ne ke cin fata. Ruwa dai share hanya ya ke yi, mai cin dabam ya ke. Ka san fumfunar da kan fito bisa tuwon da ya kwana biyu, ko bisa linzami da sirdi da a ka ajiye a ɗaki mai laima cikin watan Agusta. Fumfunan nan abu ne mai rai, tsiro ya ke yi kamar ciyawa, yana da saiwa kamar zare, yana da iri wanda ya fi ƙura ƙanƙanta. To, akwai wata 'yar'uwarta wadda ba ta cin tuwo, abincinta shi ne matacciyar fatar nan ta sama, da farce, da gashi. Ido ba ya ganinta sai da madubin likita. Kadan ta kama kan yaro mukan ce makero, kadan ta kama tsakanin yatsun ƙafa mukan ce cin ruwa. Dangi ɗaya ne.

Wani likita a birnin London, sunansa Arthur Whitfield, shi ne a shekarar 1908 ya bayyana cewa fumfuna ce ke kawo wannan ciwo na ƙafa. A 1910 kuma wani likita mutumin Italiya, Aldo Castellani, wanda ya ke aiki a tsibirin Silon, wanda yanzu a ke kira Siri Lanka, ya gano irin fumfunar da a yau ta fi kowace yawan kawo ciwon a duniya.

Abu uku fumfunan nan ta ke so: laima, da ɗumi, da wurin da iska ba ta ratsawa. Duba ƙafarka ka gani. Babban yatsa da na biye da shi akwai sarari tsakaninsu, amma ƙaramin yatsa manne ya ke da maƙwabcinsa. Shi ya sa ciwon ya fi farawa daga can. Har wa yau ƙafafun mutum biyu suna da ƙofofin gumi wajen 250,000. Kadan ka rufe su cikin safa da takalmin roba tun safe har yamma, ka yi wa fumfuna gona ka ba ta ruwa ke nan.

Yadda A Ke Ɗaukarsa

Mai cin ruwa duk inda ya taka ba takalmi yana zub da ɗan ɓawon fata, cikin ɓawon nan kuwa akwai irin fumfuna, kuma irin yana iya yin watanni bai mutu ba. Wani ya zo ya taka da jiƙaƙƙiyar ƙafa, shi ke nan ya ɗauka. Wuraren da a ka fi ɗauka su ne makewayin da mutane da yawa ke wanka a ciki, da bakin famfo, da wurin alwala, da tabarma ko darduma mai laima. Aron silifa da aron safa da tawul ɗaya na gida duka, su ma hanya ce.

Kakanninmu da su ke yawo da fade, ƙafa na shan iska da rana, ciwon bai dame su kamar mu ba. Rufaffen takalmi ne ya ƙara masa ƙarfi, da taruwar mazaje wuri guda. Sabon Gari na Zariya ya kafu ne da zuwan hanyar jirgin ƙasa, wadda ta bi ta Zariya ta isa Kano a 1911. Tun 1924 kuma a ke horad da kuratan soja a Zariya. Sojan ƙasarmu da su ka yi yaƙi a dazuzzukan Bama tsakanin 1943 da 1945 sun yi ta tafiya cikin ruwa da taɓo da takalmi a ƙafa, kuma a irin wannan yaƙi ciwon fata da na ƙafa yana cikin abubuwan da su ka fi wahalad da mayaƙa. Barikin Chindit da ke Zariya ya samo sunansa daga rundunar da waɗansu sojan Nijeriya su ka yi yaƙi a cikinta a 1944. Ba banza ba hafsoshi ke duba ƙafafun kurata kamar yadda su ke duba bindigoginsu.

A Dogarawa da kewayenta, waɗanda ciwon ya fi kamawa su ne masu wankin mota a bakin hanyar Kano, da 'yan ga-ruwa, da leburori masu kwaɓa siminti cikin takalmin roba, da manoman fadamun Kubanni da Galma, da masu gadi da 'yan sanda, da ɗaliban da ke kwana a makarantun Samaru. Ruwan da a kan samu a Samaru cikin shekara wajen milimita 1,000 ne, daga Mayu zuwa Oktoba, mafi yawansa kuwa a marka ya ke sauka. Lokacin nan ne takalmi ba ya bushewa, lokacin nan ne kuma cin ruwa ke tashi.

Kamanninsa

Kama uku gare shi. Na fari shi ne na tsakanin yatsu, wanda mu ka riga mu ka faɗi. Na biyu yakan bi tafin ƙafa duka da gefenta, fata ta bushe, ta yi kauri, ta riƙa zub da gari kamar dusa. Mutane da yawa sukan ɗauka kaushi ne, su yi shekaru suna gugarsa da dutse. Na uku shi ne na ƙananan bororo masu ruwa a cikin kwarin tafin ƙafa, masu tsananin ƙaiƙayi. Kadan an bar shi ya daɗe yakan shiga farce, farcen ya yi kauri, ya yi rawaya, ya riƙa marmashewa. Hannun da ya yi susa kuma yakan kai shi matsematsi.

Sai dai ka sani, ba duk abin da mu ke kira cin ruwa ne fumfuna ke kawowa ba. Wani sa'i ruwa da siminti ko sabulun wanki ne su ka cinye fata. Wani sa'i waɗansu ƙwayoyin cuta ne dabam, masu sa tafin ƙafa ya yi ƙananan ramuka da ɗoyi. Akwai kuma wata fumfuna ta ƙasa da itatuwa, wadda a ka samu a ƙafafun masu haƙar kwal a Enugu cikin wani bincike na 1989, ita kuwa ba ta cika jin magungunan da a ka saba ba. Wannan shi ya sa magani ɗaya kan yi wa wani aiki ya ƙi wani.

Babban Magani Shi Ne Bushewa

Kome za ka shafa, in ƙafa ba ta bushe ba, aikin banza ka yi. Ka wanke ƙafa da sabulu safe da dare, ka ɗauraye sarai. Ka sami ɗan tsumma mai tsabta na ƙafa kaɗai, ka bi tsakanin yatsu ɗaya bayan ɗaya ka tsane su. Tsumman nan kada kowa ya taɓa shi, ka wanke shi kullum ka shanya a rana. In za ka sa tufafi bayan wanka, fara sa safa kafin wando, domin kada wando ya kwashi cuta daga ƙafa ya kai ta sama.

Masu salla suna wanke ƙafa sau da yawa a yini, suna tsettsefe yatsu, wannan kuwa tsabta ce mai kyau. Abin kula shi ne kada mutum ya gama alwala ya zura jiƙaƙƙiyar ƙafa cikin safa ko sau-ciki. Ya tsane ta tukuna, ko ya sa silifa har ta sha iska. Masu kula da masallaci kuma su riƙa wanke daɓen wurin alwala, su gyara magudana don kada ruwa ya kwanta, su fid da darduma rana lokaci lokaci.

Safa a sake ta ko wace rana. Ruwan sanyi ba ya kashe irin fumfuna duka, sai ruwan da zafinsa ya kai digiri 60, watau wanda hannu ba ya iya jimrewa. Ka zuba wa safa tafasasshen ruwa, ka wanke, ka juya cikinta waje ka shanya a rana. Wanda ya ke da hali ya yi takalmi biyu, yau wannan gobe wancan, wanda a ka huta da shi a buɗe bakinsa a ajiye a rana. Mai aiki cikin takalmin roba ya tuɓe shi sa'ad da a ka tashi cin abinci, ya zub da ruwan da ya taru, ya bar ƙafa ta sha iska. In ka komo gida ka sa fade.

Magungunan Gida, Da Iyakar Ƙarfinsu

Ruwan gishiri. Ka zuba gishiri cokali 2 cikin ruwan ɗumi lita 1, ka tsoma ƙafa minti 10, ka fid da ita ka tsane. Yana tsabtace tsaga, yana rage jiƙewar fata. Ba ya kashe fumfuna.

Ruwan khal. Kofi 1 na khal cikin kofi 4 na ruwa, a tsoma ƙafa minti 10 ko 15, sau ɗaya a yini. Fumfuna da ƙwayoyin da ke kawo wari ba su son tsami. In fata ta tsage ƙwarai zai yi zafi, to, sai a dakata har ta haɗe.

Bagaruwa. Kowa ya san da ita majema ke jeme fata. Abin nan mai bauri da ke cikinta shi ke ƙanƙance fata ya tsane ta. In an daka 'ya'yanta an tafasa, an tace, an bari ruwan ya huce, tsoma ƙafa a ciki yana busad da wurin da ya jiƙe, yana rage gumi. Ruwan ganyen shayi mai kauri, da alif kaɗan cikin ruwa, irin aikin nan su ke yi. Kada dai a cusa garin bagaruwa cikin buɗaɗɗen rauni, gama garin da a ka daka a turmi ba ya rasa ƙura.

Lalle. Tsofaffi sun daɗe suna ƙunsa wa mai cin ruwa lalle. Masana sun gwada sinadarin da ke ba lalle launinsa, sun ga yana hana fumfuna tsiro cikin kwalba, kuma yana busad da fata. Amma lallen ganye mu ke nufi. Baƙin lalle na kanti akwai rini a ciki wanda kan ƙone fatar waɗansu. Kada kuma a sa wa jariri lalle, domin akwai jariran da jininsu ba ya ɗaukarsa.

Darbejiya da gogamasu. Darbejiya baƙuwa ce, asalinta ƙasar Hindu, a 1928 a ka fara dasa ta a Barno. Ruwan dafaffen ganyenta ba laifi a wanke ƙafa da shi. Gogamasu kuwa, wanda a kan murza a goga wa makero da ƙyasbi, yana da zafi, kada a goga shi bisa fatar da ta saɓule.

Tafarnuwa. A ƙasar Benezuwela likitoci sun fid da wani sinadari daga tafarnuwa, su ka haɗa shi cikin man shafawa, su ka gwada a kan soja masu cin ruwa. Labarin gwajin ya fito a shekarar 2000, kuma cikin soja 47 da a ka bi har ƙarshe, an ga man nan mai ƙarfi ya yi aiki daidai da maganin asibiti. Amma ka lura, auna shi a ka yi a ɗakin haɗa magani. Ɗanyar tafarnuwa da a ka daka a ka ɗaure bisa fata takan ƙone ta kamar wuta, har ta tashi bororo. Kada ka kwana da ita a ƙafa.

A ƙasar Ostareliya akwai wani itace wanda a ke tatsar mai daga ganyensa. A 2002 an gwada man nan a kan mutum 158. Cikin waɗanda su ka shafa mai ƙarfin, kashi 64 bisa 100 fumfunarsu ta mutu, waɗanda a ka ba abin da ba magani a ciki kuwa kashi 31 ne. Ka ga ya taimaka, amma wajen mutum ɗaya cikin uku bai warke ba.

Abin da za mu fahimta daga duk wannan shi ne, yawancin magungunan gida busarwa su ke yi da rage ƙaiƙayi. Suna da amfani tun ciwo yana sabo, suna kuma taimakon maganin asibiti. Man kaɗanya da man shanu su na faso da kaushi ne, kada a cusa su tsakanin yatsu, gama sukan tsare laima a wurin.

Abubuwan Da Ba A Sawa

Akwai masu zuba kalanzir, ko man birki, ko ruwan batir, ko baƙin mai na mota, ko toka da kanwa. Sukan ce in ya yi zafi ya kama ke nan. Zafin nan fata ce ke ƙonewa, fumfuna kuwa ta fi jin daɗin ƙonanniyar fata.

Akwai kuma wani tarko a kantin magani. A kan sayad da waɗansu mayukan shafawa da a ka haɗa magani uku ko huɗu a ciki, ɗaya daga cikinsu shi ne sitiroyid, irin wanda ke cikin waɗansu mayukan sa fari. Sitiroyid yakan kashe ƙaiƙayi cikin kwana biyu, mutum ya yi murna, alhali kuwa ya raunana tsaron fata ne, fumfuna tana ta bazuwa a ƙarƙashi. A ƙasar Hindu an yi ta shafa irin mayukan nan barkatai, har wata fumfuna ta ɓullo wadda ba ta jin mafi kyawun magani, a ka raɗa mata suna a 2020, yanzu kuwa ta ƙetara zuwa ƙasashe da yawa. Ka tambayi mai kanti, ka ce kana son maganin fumfuna zalla, wanda ba sitiroyid a ciki.

Maganin Asibiti

Likitan nan Whitfield ya haɗa wani man shafawa wanda har yau a ke kira da sunansa, yana da araha, yana kuwa aiki, musamman ga mai kaurin tafin ƙafa. A 1958 a ka fara samun ƙwayar sha mai kashe irin wannan fumfuna. Daga baya a ka samo kulotirimazol da mikonazol, waɗanda a ke shafawa safe da dare har mako 4, sa'an nan tabinafin, wanda kan isa cikin mako 1 ko 2 ga ciwon tsakanin yatsu.

Ga inda mutane da yawa ke kuskure. Ƙaiƙayi yakan tafi cikin mako guda, sai mutum ya jefad da magani. Fatar sama kuwa takan ɗauki wajen mako 4 kafin ta sake gaba ɗaya, kuma fumfuna tana nan cikin tsohuwar fatar. Ka cika kwanakin da a ka faɗa maka, ka shafa har bisa lafiyayyar fatar da ke kewaye, ka duba ɗaya ƙafar ita ma. In ya shiga farce, shafawa ba ta isa, sai ƙwayar sha ta wata uku a hannun likita, farcen kuma ya yi shekara ko fiye kafin sabo ya maye gurbinsa.

Ranar Da Za Ka Bar Na Gida

Hausawa sun ce sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga. Fata ita ce bangon jiki. Fumfuna kanta ba ta kisa, amma tsagar da ta yi ƙofa ce ga miyagun ƙwayoyin cuta masu shiga nama da jini. Ka tafi asibiti ran nan, kada ka kwana, kadan ka ga ɗaya daga cikin waɗannan: ƙafa ta kumbura ta yi zafi, ja yana hawa ƙwauri, mugunya tana fita, kaluluwa ta fito a matsematsi, ko zazzaɓi ya rufe ka. Ka tafi kuma kadan ka yi mako 2 kana magani ba ka ga sauƙi ba. A can a kan kankare ɗan ɓawon fata a duba da madubi, a san ko fumfuna ce ko waninta. Akwai ƙananan asibitoci a unguwanni, akwai asibitin Wusasa, akwai kuma babban asibitin koyarwa na Jami'ar Ahmadu Bello a Shika.

Mai ciwon sukari shi ne ya fi kowa shiga hatsari. Ciwon nan yakan kashe jijiyoyin ƙafa har mutum ya daina jin zafi, yakan kuma rage gudun jini, rauni ya ƙi warkewa. Irin wannan mutum yana iya tsoma ƙafa cikin ruwan da ya ƙone shi bai sani ba. Saboda haka kada ya jiƙa ƙafa cikin kome, kada ya ɗaura kome, kada ya yanke fata da reza. Ya duba tsakanin yatsunsa ko wace rana, in idonsa ba ya gani sosai ɗansa ko matarsa su duba masa, da ya ga tsaga sai asibiti. Ƙafafu da yawa da likitoci su ka yanke, daga ƙaramin rauni irin wannan su ka fara.

Abin Da Za Ka Riƙe

1. Wanke ƙafa, ka tsane tsakanin yatsu kafin ka sa takalmi.
2. Sake safa kullum, ka wanke ta da ruwan zafi, ka shanya takalmi a rana.
3. Sa silifarka ta kanka a wurin wanka na jama'a, kada ka yi aron ta wani.
4. Gishiri da khal da bagaruwa na busarwa ne, kada ka dogara gare su fiye da mako 2.
5. Kada ka sa abin da ke ƙone fata, ko man da ke da sitiroyid.
6. Cika kwanakin magani ko da ƙaiƙayi ya tafi.
7. In akwai kumburi ko zazzaɓi ko ciwon sukari, asibiti tun yau.

Kai da Allah ya ba ka karatu, ka karanta wa abokan aikinka da mutanen gidanka wannan, gama in mutum ɗaya ya warke sauran ba su yi magani ba, a makewayi ɗaya za su mayar masa da ciwon. Allah ya ba mu lafiya.